Tsuguna-tashi: Yadda Jarka, Buhu da Ledar Ruwa ke Ƙarfafa Ƙafafu a Cikin Gida

Tsuguna-tashi, wanda masu horar da 'yan wasa ke kira sikwat, motsa jiki ne da mutum ke lanƙwasa ƙugu da gwiwoyi ya sauka ƙasa kamar mai shirin zama, sannan ya miƙe tsaye da ƙarfin ƙafafunsa. Yana daga cikin 'yan tsirarun atisayen da ke sa manyan tsokokin jiki aiki a lokaci guda, kuma ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki ko filin da ya wuce shimfiɗar tabarma ɗaya. Idan jiki ya saba da shi har nauyin mutum ya daina ba shi wahala, ana ƙara masa nauyi, kuma abin da za a ƙara ɗin yana nan a kusan kowane gida a Maiduguri: jarkar ruwa, ƙaramin buhun shinkafa, jakar makarantar yara, ko ledar fiya wata.

Mutane da yawa a Arewa sun fara sanin wannan motsi ne a matsayin horo, lokacin da malamin firamare ke sa ɗalibi ya kama kunnuwansa ya yi ta tsugunawa yana tashi har cinyoyinsa su ɗau rawa. Wannan ya ɓata masa suna. Amma rayuwar yau da kullum a kansa ta ginu. Da shi ake alwala da buta, da shi ake wanki da girki a murhu, da shi ake shiga ban-ɗakin tsuguno, kuma da ƙarfin tsokokin da yake ginawa ake tashi daga sujada a raka'o'i 17 na sallolin farilla. Ranar da waɗannan tsokoki suka gaza, ranar ce dattijo ke fara neman mai kama masa hannu kafin ya tashi daga tabarma, ko ya koma salla a kan kujera.

Tsokokin da ke aiki

Nauyin aikin yana kan rukuni uku. Na farko su ne tsokoki huɗu na gaban cinya, waɗanda ke miƙar da gwiwa. Na biyu babbar tsokar mazaunai, wadda ita ce mafi girma a jikin ɗan Adam, tana miƙar da ƙugu tare da taimakon tsokar cikin cinya. Na uku tsokokin ciki da na gadon baya, waɗanda ba sa motsi sosai amma su ke riƙe ƙashin baya kada ya lanƙwashe. Tsokokin bayan cinya da na bayan ƙwauri suna taimakawa wajen daidaita gwiwa da idon sawu.

Tsoka ba ta dawwama a yadda take. Masana sun ƙiyasta cewa bayan shekara 30 da haihuwa mutum kan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a kowace shekara goma, kuma asarar na ƙara sauri bayan shekara 60. Abin bai tsaya ga ƙarfi kaɗai ba, domin tsoka ce ke zuƙe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, saboda haka raguwarta da rashin sa ta aiki suna da hannu a ciwon suga. Ƙashi ma yana ƙara ƙwari idan ana ɗora masa nauyi, abin da ke da muhimmanci musamman ga matan da suka daina al'ada.

A ƙa'idojin da ta fitar a watan Nuwamba na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligai da su yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, sannan su ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ga waɗanda suka kai shekara 65, ta ce su yi atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye, domin rage faɗuwa. Wannan kashi na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Wani nazari da masana daga Japan suka wallafa a 2022, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya alaƙanta minti 30 zuwa 60 na ƙarfafa tsoka a mako da raguwar haɗarin mutuwa, ciwon zuciya da kansa da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Alaƙa ce aka gani, ba tabbacin cewa atisayen kaɗai ne sanadi ba, amma lokacin da ake magana a kai bai kai tsawon wasan ƙwallo ɗaya ba.

Halin da ake ciki a Maiduguri

Maiduguri na cikin biranen Najeriya da aka fi nazarin motsa jikin mazaunansu, albarkacin malaman sashen gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi na Jami'ar Maiduguri. A 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa suka wallafa fassarar Hausa ta takardar tambayoyin da ake amfani da ita a duniya wajen auna motsa jikin jama'a. A wani binciken nasu da ya fito a 2013, sun gano cewa sama da kashi biyu cikin uku na baligan birnin da aka tambaya suna samun isasshen motsi. Sai dai wannan takarda tana tambaya ne a kan tafiya da aiki matsakaici da aiki mai tsanani, ba ta ware atisayen ƙarfafa tsoka ba. Mutum na iya taka sayyada daga Gwange zuwa Kasuwar Monday kullum, amma cinyoyinsa su kasa ɗaga shi daga ƙasa ba tare da dafa gwiwa ba.

Waɗannan masana sun kuma nuna cewa yadda mutum ke ganin tsaron unguwarsa yana da alaƙa da yawan motsinsa. Wannan ba baƙon zance ba ne ga birnin da ya shafe shekaru yana fama da dokar hana fita, kuma ya zauna cikin duhu na tsawon lokaci bayan da aka lalata turakun layin lantarkin da ya taso daga Damaturu a watan Janairun 2021. Ga zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga kuɗin shiga gidan motsa jiki, ga kuma matan aure da yawa waɗanda fita filin wasa na El-Kanemi da sassafe ba abu ne da zai yiwu gare su ba. Ga irin waɗannan, tsakar gida ko ɗaki shi ne filin atisaye.

Yadda ake yin sa

Mai farawa ya fara da kujera. A samu kujerar katako mai ƙwari, ko benci, ko bakin gado, ko dakali, mai tsayi daidai gwiwa. Idan kujerar roba ce, a jingina ta da bango, domin takan zame ko ƙafafunta su buɗe. Mutum ya tsaya a gabanta ya ba ta baya, ya ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗunsa ko fiye kaɗan, yatsun ƙafa suna ɗan kallon waje. Ya miƙa hannuwa gaba, ya tura mazaunai baya yana lanƙwasa gwiwa, ya sauka a hankali cikin daƙiƙa biyu ko uku har ya taɓa kujerar, kada ya faɗa kanta. Daga nan ya danna ƙasa da dukkan tafin ƙafarsa ya miƙe. Wannan shi ne sau ɗaya.

Abubuwa huɗu ake lura da su. Dunduniya kada ta bar ƙasa. Gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suka fuskanta, kada ta karkato ciki kamar za ta gogi 'yar'uwarta. Ƙirji ya kasance a ɗage, gadon baya a miƙe, ko da yake jiki zai ɗan sunkuya gaba, kuma wannan ba laifi ba ne. Mai dogayen cinyoyi ya fi mai gajeru sunkuyawa. Na huɗu shi ne numfashi: a shaƙi iska yayin sauka, a fitar da ita yayin tashi. Riƙe numfashi ana yunƙuri yana sa hawan jini ya yi tsalle na ɗan lokaci, kuma shi ke kawo jiri ga masu farawa.

Wanda ya iya yin sau 12 zuwa 15 a kan kujera ba tare da dafa komai ba, sai ya janye kujerar ya sauka har cinyoyinsa su yi daidai da ƙasa, ko ƙasa da haka idan dunduniya na nan daram kuma baya bai lanƙwashe ba. A nan mutanen da suka tashi suna tsuguno tun ƙuruciya suna da fifiko a kan Turawa da yawa, waɗanda sai sun shafe watanni suna sassauta idon sawunsu kafin su kai ƙasa. Amma iya tsuguno daban, ƙarfin tashi daban. Mai tsugunon hutu yana sakin jikinsa ne ya zauna a kan ƙwaurinsa, baya a lanƙwashe, tsokoki a sake. Wanda ke riƙe da nauyi ba zai yi haka ba: tsokokinsa su kasance a ɗaure tun daga sauka har tashi, kuma kada ya yi tsalle daga can ƙasa.

A yi atisayen ba takalmi a kan siminti busasshe, ko da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Silifa da tabarmar roba da tayil mai jiƙe duk suna zamewa. Zani ɗaurarre yana hana ware ƙafa, don haka wando mai yalwa ya fi dacewa ga mace da namiji. Kafin a fara, a ɗumama jiki na kimanin minti biyar da tafiya a tsakar gida da ɗaga gwiwoyi.

Kayan gida da nauyinsu

Amfanin ruwa a wannan aiki shi ne ba ya buƙatar sikeli: lita ɗaya kilo ɗaya ce. Babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, biyu a hannu biyu kilo uku ke nan, kuma nan ne ya kamata dattijai da waɗanda suka daɗe ba su motsa jiki ba su fara. Galan mai lita biyar kilo biyar ne. Jarkar nan ruwan ɗorawa da 'yan garuwa ke jerawa a kura tana ɗaukar lita 20 ko 25, wato kilo 20 ko 25 idan ta cika, nauyin da ya fi ƙarfin mai farawa. Ana iya zuba mata ruwa rabi, sai dai jarka rabi tana da nata hali: ruwan na kai da komowa a ciki yana fizgar mai riƙe da ita. Ga wanda ya ƙware wannan ƙarin aiki ne ga tsokokin ciki, amma ga mai koyo ƙaramar jarka cikakkiya ta fi babba rabi. Wanda ke son ƙarin nauyi a ƙaramin mazubi ya cika shi da busasshen yashi, wanda lita ɗayansa ta kai kimanin kilo ɗaya da rabi. A tabbatar an ɗaure murfi, kuma kada a yi amfani da jarkar fetur ko ta kananzir.

Ledar fiya wata ta fi duk waɗannan dacewa, duk da ba a cika tunawa da ita ba. Kowane ƙulli rabin lita ne, wato rabin kilo, kuma babbar leda mai ƙulli 20 kilo goma ce. Idan aka zuba ƙulli shida a jakar makaranta an samu kilo uku. Bayan mako biyu a ƙara biyu ya zama huɗu. Ko a gidajen motsa jiki masu tsada ba kullum ake samun ƙarfen da ke ba da damar ƙara rabin kilo ba. Littattafai ma suna yi, haka ƙananan buhunan shinkafa ko garin semo masu kilo biyar ko goma, waɗanda nauyinsu ke rubuce a jikinsu. Mudu da tiya ba ma'aunin nauyi ba ne, sun danganta da irin hatsin da kuma hannun mai awo, don haka wanda ya ɗura gero ko wake a buhu ya kai shi sikelin mai shago.

Inda aka riƙe nauyin yana canza aikin. Hanya mafi sauƙi da aminci ita ce a rungume shi a ƙirji da hannu biyu, gwiwoyin hannu suna kallon ƙasa. Wani mai horar da 'yan wasa Ba'amurke, Dan John, shi ya yayata wannan salo, kuma dalilin karɓuwarsa shi ne nauyin da ke gaba yana daidaita mazaunan da suka koma baya, sai mutum ya ga ya fi sauka a miƙe fiye da lokacin da hannunsa ba komai. Galan, buhu da jakar da aka rataya ta gaba duk suna shiga wannan salo. Idan abu ya ɓaci, sakin kayan kawai za a yi.

Hanya ta biyu ita ce a goya jakar a baya, a ɗaure igiyoyinta ta manne da jiki a saman gadon baya, kada ta yi reto a ƙugu. Wannan na sakar wa mutum hannuwa, har ya iya dafa bango ko ƙyauren ƙofa idan tsayuwarsa ba ta da ƙarfi. Ta uku ita ce a ware ƙafafu sosai, a riƙe mariƙin jarka ko bokiti da hannu biyu tana reto tsakanin ƙafafu, a sauka har ta kusa taɓa ƙasa. Wannan ya fi kama tsokar cikin cinya da mazaunai, kuma shi ne ainihin yadda ya kamata a ɗaga jarka daga ƙasa ko da ba atisaye ake yi ba. Ana kuma iya riƙe galan ɗaya a kowane hannu a gefe, muddin nauyinsu ɗaya ne.

Akwai kayan da ya kamata a bari. Tukunyar gas ba abin wasa ba ce, ko da babu komai a ciki. Bulon siminti yana da kaifin baki, yana farfashewa, kuma idan ya kuɓuce a kan yatsa zai sauka. Sandar da aka rataya wa bokiti biyu a saɓa a kafaɗa, irin ta masu ga-ruwa na da, tana reto tana murɗa ƙashin baya. Ɗora kaya a ka kuwa, duk da cewa mata da yawa sun gwanance da shi wajen tafiya, bai dace da sauka da tashi sau goma a jere ba, domin wuya ne zai ɗauki kuskuren da ƙafa ta yi. Haka nan bai kamata mai koyo ya mai da jariri nauyin atisaye ba. Taɓarya dai tana da amfani, amma a matsayin abin dogarawa: dattijo ya kafa ta a gabansa ya riƙe yayin sauka.

Ƙarin nauyi sannu a hankali

Tsohon labarin Girkawa ya ce ɗan kokawar nan Milo na birnin Kuroton, wanda ya rayu a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya riƙa saɓa ɗan maraƙi kullum har ya zama bijimi yana ɗauke da shi. Ko labarin tatsuniya ne, ƙa'idar da ke cikinsa gaskiya ce, kuma likitan sojan Amurka Thomas DeLorme ne ya shigar da ita aikin asibiti a 1945, lokacin da ya nuna cewa sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu suna saurin farfaɗowa idan ana ƙara musu nauyi mataki-mataki. Tsarin zagaye uku na sau goma-goma da ake ji a bakin masu horarwa har yau daga aikinsa ya samo asali.

Ga mai farawa, kwana biyu ko uku a mako sun isa, tare da barin aƙalla kwana ɗaya tsakani, domin a lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa. A kowane zama a yi zagaye biyu, daga baya uku, kowane zagaye sau 8 zuwa 12, da hutun minti ɗaya zuwa biyu tsakaninsu. Mako biyu na farko a kan kujera, mako biyu na gaba da nauyin jiki kaɗai, sannan a ɗauki kilo biyu ko uku. Ma'aunin nauyin da ya dace shi ne a gama zagaye ana jin cewa da za a iya ƙara sau biyu ko uku, ba fiye ba. Idan an yi sau 12 a dukkan zagaye cikin sauƙi a zama biyu a jere, sai a ƙara rabin kilo zuwa kilo ɗaya, a koma sau takwas a sake hawa. Saurin ci gaban makonnin farko ba girman tsoka ba ne, jijiyoyi ne ke koyon aikin. Canjin da ido ke gani sai bayan kamar wata biyu.

Ranar da jarka mafi girma a gidan ta zama wasa, ba sai an sayi ƙarfe ba. A rage saurin sauka zuwa daƙiƙa biyar, ko a tsaya cik a ƙasa na daƙiƙa biyu, ko a sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya a sauka, yadda mafi yawan nauyin zai koma kan ƙafa guda.

Batun gwiwa

Tsoron cewa tsuguna-tashi na lalata gwiwa tsoho ne. Ya yi ƙarfi bayan da Karl Klein na Jami'ar Texas ya wallafa bincike a 1961 yana cewa tsuguno mai zurfi na sassauta jijiyoyin da ke riƙe gwiwa, amma binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da hakan ba ga masu lafiyayyar gwiwa. Haka ita ma dokar nan da ke cewa gwiwa kada ta wuce yatsun ƙafa. A 2003 masana a Jami'ar Memphis sun gwada hana gwiwa wucewa, suka ga matsin da ke kanta ya ragu da kashi 22 cikin ɗari, amma wanda ke kan ƙugu ya ninka fiye da sau goma, wato an kwashe kaya daga gwiwa an jibga wa ƙugu da baya. Duk mai sauka daga matakala gwiwarsa na wuce yatsunsa.

Wannan ba ya nufin tsuguno ba shi da illa ko kaɗan. Wani bincike a kan dattijan birnin Beijing da aka wallafa a 2004 ya alaƙanta daɗewa a tsugune na sa'o'i kullum, shekara da shekaru, da amosanin gwiwa. A ɗaya ɓangaren, nazarin da aka yi a 2020 a kan mafarautan Hadza na Tanzaniya ya nuna suna hutawa kusan sa'a goma a yini kamar ma'aikatan ofis, sai dai wani ɓangare na hutun a tsugune ko a durƙushe suke yin sa, inda tsokar ƙafa ke ci gaba da ɗan aiki fiye da na mai zaman kujera. Abin da za a iya ɗauka daga biyun shi ne minti goma na sauka da tashi bisa tsari ba ɗaya yake da yini guda a tsugune gaban kwanon wanki ba. Ƙarar gwiwa marar ciwo ba abin damuwa ba ce. Ciwo mai suka, kumburi, ko gwiwa ta riƙa sagewa ko kullewa, su ne alamun a dakata a ga likita. Mai amosanin gwiwa yawanci ana ba shi shawarar ƙarfafa cinya ne, ba barin motsi ba, amma a kan kujera mai tsayi da zurfi kaɗan.

Zaman bango da hawan jini

Akwai wani nau'i da ba a motsi a cikinsa. Mutum ya jingina bayansa da bango, ya matsar da ƙafafu gaba, ya zame ƙasa kamar yana zaune a kujerar da ba a gani, ya tsaya a haka. A 2023 masana daga Jami'ar Canterbury Christ Church ta Ingila sun tattara gwaje-gwaje 270 da suka ƙunshi mutum kusan 16,000, suka gano cewa irin wannan atisayen tsayawa cik ya fi sauran rage hawan jini, da kimanin maki 8 a lambar sama da 4 a ta ƙasa. Tsarin da aka fi gwadawa shi ne minti biyu sau huɗu, da hutu tsakani, kwana uku a mako. Mai farawa ba zai kai minti biyu ba; ya fara da daƙiƙa 15 zuwa 20, gwiwa a ɗan lanƙwashe kawai, yana numfashi ba tsayawa. Wannan ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba, kuma wanda jininsa ya hau sosai bai daidaita ba ya fara zuwa asibiti tukuna.

Zafi, azumi da ƙoda

A Maiduguri lokacin atisaye ba ƙaramin al'amari ba ne. A bazara, bayan sallar asuba ko bayan faɗuwar rana ne lokacin da ya dace, a inuwa mai iska, ba a ɗakin kwano da rana tsaka ba. A sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. Da hunturu kuwa, mai asma ya shiga daga ciki ya guje wa ƙura, kuma a tsawaita ɗumama jiki. A watan Ramadan a mai da atisayen bayan buɗa-baki da sa'a ɗaya ko biyu, a rage zagaye, kada a ƙara nauyi.

Ciwon cinya da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan zaman farko abu ne da aka saba, yana wucewa da kansa, kuma tafiya a hankali na rage shi. Kuskuren da ake yi shi ne a danne shi da ƙwayoyi. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka yawaita shan su cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki, suna wahalar da ƙoda, kuma Borno da Yobe yanki ne da likitoci suka daɗe suna kuka da yawan ciwon ƙoda. Tramadol kuwa ba ya ƙara ƙarfi, yana ɓoye gargaɗin da jiki ke bayarwa ne, ga jaraba. Wanda ya yi gasar ɗaruruwan tsuguno a rana ɗaya ba tare da sabo ba, sannan ya ga cinyoyinsa sun kumbura da ciwo mai tsanani, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ya tafi asibiti nan take, domin alama ce ta tsoka ta farfashe tana zuba abin da ke toshe ƙoda.

Ginin tsoka na buƙatar abinci mai gina jiki, amma ba sai garin gwangwani mai tsada ba. Wake, ƙosai, alale, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ƙwai, kindirmo da bandar kifin da ake saukewa a kasuwar hanyar Baga sun wadatar.

Masu ciwon zuciya, masu sikila, masu gwaiwa, waɗanda aka yi wa tiyata kwanan nan, masu ciwon baya da ke sauka har ƙafa, da mai juna biyu ko mai jego, musamman wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, su nemi shawarar likita ko ma'aikacin gashin ƙashi kafin su ɗauki nauyi; Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana da sashen wannan aiki. Mai shan insulin ko maganin suga kada ya yi atisaye da yunwa. Kowa kuma ya tsaya nan take idan ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashinsa ya sarƙe fiye da kima.

Gwajin daƙiƙa 30

Akwai gwaji mai sauƙi da iyali za su iya yi wa dattijansu, wanda masana a Amurka suka tsara a 1999 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ke amfani da shi wajen gano masu haɗarin faɗuwa. A jingina kujera marar hannu, mai tsayin kimanin santimita 43, da bango. Dattijon ya zauna a tsakiyarta, tafin ƙafa a ƙasa, hannuwa a harɗe a ƙirji, sannan a ƙirga sau nawa zai miƙe tsaye sosai ya koma ya zauna cikin daƙiƙa 30, wani na tsaye kusa da shi. Ga mai shekara 60 zuwa 64, ƙasa da sau 14 ga namiji ko 12 ga mace ya gaza matsakaici. Ga mai shekara 70 zuwa 74, iyakar ita ce 12 ga namiji, 10 ga mace. Wanda sai ya dafa da hannu kafin ya tashi, sifili ake rubuta masa, kuma shi zai fara ne da kujera mai tsayi ko wadda aka ɗora wa matashi, yana riƙe da taɓarya ko bakin taga, sau biyar a zagaye. A rubuta adadin da ranar a jikin kalanda, a maimaita gwajin bayan mako takwas da kujerar nan dai.